Yadda ake koya wa ɗaliban sakandare kasuwanci da kwanon gyaɗa ɗaya

Tun shekarar 2011 manhajar babbar sakandare a Najeriya ta shigo da darussan sana'a, amma a makarantu da yawa abin ya tsaya a allo. Yaro ya haddace ma'anar jari da riba, ya ci jarrabawa, ka ba shi dubu biyar ya juya, kafin sati biyu ya cinye uwar kuɗin. Maganin wannan shi ne ɗalibai su riƙe kuɗi na gaske da littafi na gaske har tsawon zango guda.

A fara da neman izinin shugaban makaranta da sanar da iyaye a rubuce. A faɗa musu ƙarara cewa ciniki a cikin harabar makaranta za a yi, lokacin tashi tara kawai, babu yaron da zai ɗauki tire ya fita talla a titi.

Sai a raba ajin rukuni-rukuni, mutum biyar kowanne. In sun haura shida, biyu ne za su yi aikin, sauran su jira rabo. Kowane rukuni ya fitar da ma'aji, da mai littafi, da mai sayayya, da masu sayarwa biyu, a riƙa sauya su duk bayan sati biyu. Kada mutum ɗaya ya haɗa kuɗi da littafi, ko da shi ne ya fi kowa gaskiya a ajin. Jari kuwa karo-karo ne, kowa daidai da ɗan'uwansa. Wanda ba shi da hali, ƙungiyar iyaye da malamai ta ranta masa ba tare da ruwa ba, ya biya ranar rufe littafi. Kyauta ba ta koyar da komai a nan, domin kuɗin da ba za a tambaye ka ba, ba ka tsoron ɓatansa.

Sati biyun farko ba a sayen komai. Su tsaya su lura da abin da ɗalibai ke saye a bakin ƙofa, nawa suke kashewa, me suke nema su rasa. Zoɓo da kunun aya suna da kasuwa, amma in babu ƙanƙara kwantan yau gobe ya yi tsami, don haka a bar su sai zango na biyu. Soyayyar gyaɗa ta fi dacewa da mai koyo, tana yin kwanaki ba ta lalace ba.

A lissafin farashi ne ya kamata malami ya fi daɗewa. A ɗauka kwanon gyaɗa ya kama ₦4,000, gawayi ₦300, leda ₦200, gishiri ₦100, kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa ₦400. Jimla ₦5,000. Ɗalibai sukan rubuta kuɗin gyaɗar kaɗai su manta da sauran, musamman kuɗin mota, da gawayin da aka ɗebo a gida wai ai kyauta ne. Duk abin da aka yi amfani da shi a sa masa kuɗi. Bayan an tsince ruɓaɓɓu, an jiƙa a ruwan gishiri, an shanya, an soya da yashi, gyaɗar za ta ragu, saboda haka a ƙirga ƙulli bayan suya, ba kafin ta ba. A zaɓi ma'auni ɗaya, kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, kada a ɗiba da hannu. A ce an sami ƙulli 60, ana sayar da kowanne ₦100. Ciniki ₦6,000 ke nan, riba ₦1,000.

Yanzu a sa su jera ƙullin a kan tebur, su ware 50 gefe guda, 10 gefe guda. Hamsin ɗin nan uwar kuɗi ce, goman ne kaɗai nasu. In an ɗanɗana uku, an ba abokai huɗu, an yi wa wani gyara da uku, an yi aikin banza. Wannan jeri a kan tebur ya fi bayanin awa guda shiga kai.

Kada a ƙulla gyaɗa da zafinta. Tururi zai taru a cikin ledar ta yi laushi, wanda ya saya yau kuma ba zai dawo gobe ba.

Littafin ya zama mai layi biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. A bayansa a buɗe shafin kaya, inda za a rubuta ƙulli nawa aka fito da su, nawa aka sayar, nawa suka rage. Kullum kafin a koma aji, ma'aji ya ƙirga kuɗi a gaban mai littafi, su biyun su sa hannu. In kuɗi da kaya ba su yi daidai ba, a nemo dalili a ranar. Giɓin ₦200 da aka bari ya kwana, zuwa Juma'a ya zama rigima da zargin sata, alhali sau da yawa kuskuren canji ne.

Bashi shi ke kashe irin wannan kasuwa, kuma mafi wuyar karɓa shi ne wanda malamai suka ci, don ɗalibi ba zai iya tare malaminsa ya ce a biya shi ba. Shugaban makaranta da kansa ya sanar a ɗakin malamai cewa babu bashi ga kowa. Haka nan a yi magana da matan da suka daɗe suna sayar da abinci a makarantar, kada yara su karya musu farashi. Gara ma a gayyaci ɗaya daga cikinsu ta zo aji ta yi bayanin yadda take sari da yadda take yi da kwantai.

Sati shida na ciniki sun isa. A rufe littafi sati biyu kafin jarrabawa: a biya rance, a mayar wa kowa jarinsa, sannan a raba abin da ya saura. In faɗuwa aka yi, ita ma a raba ta daidai da abin da kowa ya zuba. Wajen ba da maki, littafi da bayanin baki su ɗauki kaso mafi girma, riba ta ɗauki kaɗan, domin in aka ɗora maki a kan riba yara za su fara cika aljihun rukuni da kuɗin gida. Kowane ɗalibi a kira shi shi kaɗai, a buɗe masa shafi ɗaya, ya nuna cinikin ranar, da abin da aka kashe, da inda sauran kuɗin yake.