Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Tsohon Babur a Gida

Wanda ya tsaya a Kwangila ko Ƙofar Doka da sassafe zai ga cewa tsofaffin babura ba su yi ritaya ba a Zariya: ga Jincheng da Suzuki AX100 suna tafe da hayaƙinsu, ga roba-roba ta malaman makaranta, ga kuma Honda CG125 da aka fara ƙerawa tun tsakiyar shekarun 1970. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aljihu ya ƙara tsukewa, magidanta da dama suka koma ɗaukar sifana da kansu a ƙofar gida maimakon zuwa wurin bakanike. Hakan abu ne mai kyau, sai dai yawancin ɓarnar da nake gani a jikin waɗannan babura daga ƙarfin hannu take fitowa, ko kuma daga tsimin da bai kai ya kawo ba.

Baƙin mai shi ne kan gaba. Mutane da yawa ciko kawai suke yi idan ya ragu, alhali wanda ke ciki ya riga ya tsinke, ya kwashe garin ƙarfe. Abin da ya dace shi ne a tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, a kashe, a juye tsohon gaba ɗaya, sannan a zuba sabo gwargwadon alamar sandar awo, wanda a CG125 bai wuce kimanin lita ɗaya ba. A wannan babur akwai kuma ƙaramar rariya ta waya da ke tace man, wadda wasu sukan shekara ba su san da ita ba; a ciro ta a wanke da kananzir. Man mota bai dace ba, domin faifan kulocin babur cikin man inji suke wanka, kuma wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci santsi. A duba jikin robar man a ga an rubuta JASO MA, alamar man da ya dace da kulocin babur, a kuma guji man awo da ake durawa a kwalba, wanda ba a san asalinsa ba.

A nan ne ni ma na taɓa yin tawa ɓarnar. Bayan na juye mai a babur ɗin da na gada daga mahaifina, sai na ga kamar notin ƙasa da ke toshe ramin juye man bai ɗauru ba, na ƙara wa sifana bututu na danna. Nan take na ji notin ya yi laushi yana juyawa a banza, domin jikin injin na alminiyom ne, notin kuwa ƙarfe, haƙoran ramin duk sun cinye. Washegari sai tura babur ɗin na yi har Sabon Gari aka yanka masa sababbin haƙora. Ɗaurin da ake bukata shi ne noti ya zauna, a ƙara masa ɗan kaɗan da gajeriyar sifana. Idan yana ɗiga, wosharsa ce ta gaji, ita za a canza.

Masu Jincheng da AX100 nasu lissafin daban ne, saboda injinsu yana ƙona mai na musamman, wato tuti, tare da fetur. Zuba masa baƙin mai na yau da kullum don araha yana tara baƙin gawayi a kan fistin da cikin salansa, har babur ya rasa ƙarfin hawa gada. Mafi muni shi ne a bar tankin tutin ya bushe, domin iska takan shiga famfon da ke tura tutin cikin inji, kuma ko an sake cikawa, matuƙar ba a fitar da iskar ba, injin yana iya bugawa.

Sai maganar ƙura, wadda duk mazaunin Zariya ya san yadda take daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan soson tace iska ya toshe, babur yakan riƙa shaƙewa yana shan mai, sai wani ya cire soson ya jefar, ya yi murna wai mashin ya buɗe. Gaskiya ya buɗe, amma ƙurar da ke shiga tana cin zoben fistin kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe, bayan 'yan watanni sai hayaƙi da shan baƙin mai su biyo baya. Soson ana wanke shi ne da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a bari ya bushe, a shafa masa ɗan mai kaɗan a mayar. Idan na takarda ne, ba a wanke shi, canzawa ake yi.

Kafireta, wadda ke cakuɗa fetur da iska, ita ce aka fi zalunta tun da fetur ya yi tsada. Ana ta murɗa sukurorinta don rage shan mai har cakuɗar ta zama iska ta rinjayi fetur, injin ya riƙa zafi fiye da kima. Wasu kuma sukan zura allura ko waya a cikin jet, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da fetur ke bi, don buɗe shi, ba su san suna faɗaɗa ramin da aka auna da ƙa'ida ba. Hurawa da iska bayan an jiƙa shi ya wadatar. Kafin a taɓa kowane sukuro, a ciro fulogi a duba bakinsa, domin shi ne shaida: launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai toka na nuna fetur ya yi yawa ko soso ya toshe, fari fat kuwa yana nuna fetur ya yi kaɗan. Sau da yawa ma laifin na fetur ɗin jarka ne da ya zo da ruwa ko datti, kuma kwance sukuron ƙasan kafireta a zubar da abin da ya kwanta yakan warware matsalar.

A ɓangaren wuta, kuskure biyu ne ke maimaituwa: ƙara ruwan asid a batirin da ya ƙafe, alhali tataccen ruwan batir kawai yake bukata, da kuma maye fis ɗin da ya ƙone da guntun waya, abin da ke sa wayoyin babur su narke idan aka sami haɗuwar wuta.

Sarƙa kuma ana yawan ɗaure ta tamau don gudun ƙara, sai ta riƙa jan kanta a duk ramin da aka faɗa a hanyar Samaru, tana cinye haƙoran sifoket, wato faifan da sarƙar ke hawa. A bar mata wasa na kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a daidaita alamomin hagu da dama na tayar baya su zo ɗaya, a kuma canza ta tare da sifoket ɗin gaba da na baya idan ta ƙare, domin tsohon haƙori yana lalata sabuwar sarƙa da wuri. Wajen mayar da ɗan makullin da ke haɗa ta, rufaffen bakinsa ne zai fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Idan aka juya shi, yana iya fincikewa a kan hanya.