Karantar da Yaro a Gida ko Kai Shi Makarantar Gwamnati: Yadda Iyaye Za Su Yanke Shawara

Mafi yawan iyayen da suke fara tunanin cire ɗansu daga makaranta domin su karantar da shi a gida, wani abu ne ya faru da ya sosa musu rai. Wataƙila yaron ya dawo ido jajur saboda wasu sun sa shi a gaba da tsangwama, ko kuma uwa ta buɗe littafin aikinsa ta tarar an yi makonni malami bai sa masa jan biro ba. Wasu kuwa rufe makarantu da aka yi a shekarar 2020 saboda annobar korona, wanda hukumar UNESCO ta ce ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6, shi ne ya fara nuna musu cewa yaro yana iya koyon abu mai yawa a kan teburin gida. Duk waɗannan dalilai ne masu nauyi, amma shawarar da za ta shafi shekarun yaro ba a yanke ta ranar da rai yake ɓace. A bar zuciya ta huce, sannan a bi lamarin daki-daki.

Abin da za a fara bincika shi ne doka, domin a wasu ƙasashe ma zaɓin ba ya hannun iyaye. A Jamus wajibi ne yaro ya halarci makaranta, kuma Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta goyi bayan wannan matsayi a 2006 da 2019. Faransa ta yi doka a 2021 wadda ta sa tun daga 2022 sai iyaye sun nemi izini, tare da kawo dalili karɓaɓɓe kamar rashin lafiya ko nisan makaranta. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro, ko ta hanyar makaranta ko ta wata hanyar. A Amurka dukkan jihohi 50 sun halatta, amma sharuɗɗan sun sha bamban: jihar New York tana buƙatar tsarin karatu na shekara da rahoto sau huɗu a shekara, Texas kuwa ba ta ma neman a sanar da hukuma. Saboda haka ku nemi bayanin dokar ƙasarku a rubuce daga hukumar ilimi, kada ku dogara da "an ce".

Bayan doka sai tambayar da a ganina ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi tsallakewa: wane ne zai zauna da yaron kowace safiya, kwana biyar a mako, shekara bayan shekara? Karantarwa a gida aiki ne cikakke. Wanda ya ɗauke shi zai shirya darasi tun daren jiya, ya koyar, ya duba aiki, ya rubuta inda aka tsaya, kuma sau da yawa zai rage neman kuɗinsa ko ya ajiye aikinsa gaba ɗaya. Idan uwa ce za ta ɗauki nauyin, wajibi ne ta faɗi ra'ayinta da bakinta, ba a yanke a ɗora mata ba. Gaskiya ne yaro ɗaya da malami ɗaya suna gama cikin awa biyu ko uku abin da aji zai ci wuni a kansa, musamman a ƙananan azuzuwa, domin babu jiran kiran suna ko jiran wasu su gama kwafa daga allo. Amma abin yana canzawa da girman yaro. Iyayen da suka iya koyar da haruffa da jadawalin ninkawa ba lallai ne su iya lissafin aljebra ko kimiyyar sinadarai ba, kuma gida ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Tun yanzu ya kamata a san wa za a nemo idan an kai nan, da kuma ko aljihu zai ɗauka.

Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce gwaji a lokacin hutu. Ku ware makonni huɗu, ku sa lokacin farawa da na tashi, ku zaɓi darussa biyu kawai, karatu da lissafi. Sannan ku lura da abin da ke faruwa sa'ad da yaron ya kasa gane dalilin da ya sa rabi ya fi ɗaya bisa uku yawa alhali uku ta fi biyu, kun bayyana sau uku, ya kife fensir ya ɗora kai a kan tebur. Shin kun iya ɗauko takarda ku ninke ta ku nuna masa, ko murya ce ta fara tashi? Akwai yaran da suke buɗe baki su yi tambaya a gaban mahaifiya fiye da yadda za su yi a aji, akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar karatu da muhimmanci sai daga bakin wanda ba ɗan gida ba. Makon farko kowa yana ɗoki; mako na uku ne yake faɗin gaskiya.

Ita ma makarantar a yi mata adalci, a je a gan ta da ido maimakon a hukunta ta da labarin wasu. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku leƙa aji ana cikin darasi, ku ƙidaya yaran, ku duba ko na bayan aji suna jin malami, ku karɓi littattafan yara biyu ko uku ku ga yaushe aka duba su. Ku tambayi matakin da ake ɗauka idan yaro ya kai ƙarar cin zali, da tanadin da aka yi wa mai buƙata ta musamman. Sau da yawa matsalar aji ɗaya ce ko malami ɗaya, kuma sauya aji ko komawa wata makarantar gwamnatin ya isa ya warware ta.

Batun cuɗanya da sauran yara ba ƙaramin abu ba ne. A makaranta yaro yana koyon jiran layi, da saɓani da sulhu, da zama da waɗanda tarbiyyarsu ta bambanta da tasa, ba tare da an shirya masa ba. A gida sai an shirya wannan da gangan, ta hanyar ƙungiyar wasanni ko haɗuwa da wasu iyalai a kai a kai.

Ku kuma dubi ƙarshen tafiyar tun daga farkonta. Wace takardar shaida yaron zai riƙe, kuma jami'o'in da kuke hange suna karɓarta? Jarrabawar matakin sakandare irin su IGCSE ta Cambridge ana iya zama a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, amma sai an nemi cibiyar da za ta yi rajista, kuma darussan da ke da gwajin aiki da hannu sun fi wahalar shiryawa.

Idan yaron ya kai munzalin bayyana ra'ayinsa, ku zauna da shi ku saurare shi, ko da hukuncin ƙarshe naku ne. Sannan duk abin da kuka zaɓa, ku ɗauke shi na shekara ɗaya: ku rubuta abubuwa uku ko huɗu da kuke son gani a ƙarshenta, ku adana ayyukan yaron da kwanan wata a kan kowanne, domin idan kuka yanke shawarar mayar da shi makaranta, da waɗannan takardun ne za a san ajin da ya dace da shi.