Yadda Nake Zaɓar Farantin Sola Idan Aikin Babba Ne

Duk wanda ya zo mini da takardar farashi, ba na kallon kuɗin faranti guda. Raba kuɗin nake da yawan wat ɗinsa, in ga nawa wat ɗaya ya kama. Da wannan ake ciniki.

Daga nan sai in auna fili. Faranti mai siririn shafi, irin wanda kamfanin First Solar na Amurka ke yi, bai kai mai kyau cikin na silikon, wato farantin da aka saba gani, ba wajen wutar da kowace murabba'in mita ke bayarwa. Wato zai ci fili, ya ci ƙarfen ɗorawa da waya, kuma duk kuɗi ne da ba a rubuta su jikin farantin. A tashar wutar sola ta Topaz da ke jihar Kalifoniya a Amurka, sai da aka jera irin wannan siririn faranti kusan miliyan 9 kafin a samu megawat 550. Kan rufin shago kuwa, kada ma ka fara, silikon za ka saya.

Inda siririn ke da baki shi ne zafi. Lambar wat da ke bayan faranti a zafin digiri 25 aka gwada ta. Taɓa gilashin da azahar a watan Afrilu, hannunka zai faɗa maka gaskiya. Nemi adadin wutar da ke raguwa kan kowane ƙarin digiri a takardar kamfanin. Siririn ya fi jurewa.

Sai ƙurar hunturu. Ni tun farko nake sa kuɗin ruwa da ladan mai wanke farantin cikin lissafi.