Yadda muridi zai riƙe Shehinsa idan hanya ta yi zafi

Kowa dai ya san halin da hanyoyinmu suke ciki yanzu, Birnin Gwari ne, Funtuwa zuwa Gusau ne, har jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da mutane suka ɗauka shi ne mafita sai da 'yan bindiga suka tare shi ranar 28 ga Maris 2022. To a irin wannan yanayin ne za ka ji ɗan'uwa yana bugun ƙirji wai shi ba abin da zai same shi, ai yana da Shehu. Ni ban ƙaryata shi ba, albarkar bayin Allah gaskiya ce a wurinmu, amma riƙon Shehu yana da yadda ake yinsa, kuma da yawa bakinsu ne kawai ya riƙe.

Abin yana farawa tun kana gida lafiya lau. Mutumin da lazimi, wato wuridin safe da yamma, ya wuce shi sati guda, wazifa, wato zikirin kullum da ake taruwa a yi, sai in an ci sa'a, zikirin Juma'a kuwa ya manta rabon da ya zauna, shi ne kuma ranar da mota ta tsaya a daji zai fara ƙwala kiran Shehu, haba malam. Alaƙarka da shi ai ita ce wuridin da ka karɓa da izini, istigfari 100, salati 100, hailala 100 safe da yamma in kai Batijjane ne, in Baƙadire ne kuma abin da muƙaddaminka, wato wakilin Shehu mai ba da wuridi, ya ɗora maka. In sammako za ka yi ka tambayi muƙaddami yadda ake gabatar da lazimin safe tun da daddare, kuma ka sani Jauharatul Kamali, salatin da ake karantawa a cikin wazifa, tana buƙatar alwalar ruwa da wuri mai tsarki, so in kana cikin motar haya an matse ku sai ka musanya ta da Salatil Fatihi 20. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne riƙon.

Kafin ka fita ka je ka yi sallama da malaminka in yana kusa, in kuma nesa ne ka buga waya, ka ce Malam zan yi tafiya wuri kaza a sa mu a addu'a. Ka yi sadaka ko ta ƙosai ce, ka nemi albarkar iyaye don ita tana gaba da ta kowa. Sannan ga inda ake gane muridin gaske: in malam ya ce kar ka bi hanyar nan yau, ko ka bari sai gari ya waye, to ka bari. Ba zai yiwu ka ce ka yarda da kariyarsa amma ba ka yarda da nasiharsa ba.

Da ka shiga mota ka karanta addu'ar hawa, Subhanallazi sakkhara lana haza, tana cikin suratu Zukhruf aya ta 13, ka ƙara da Ayatul Kursiyyu da Bismillahillazi la yadurru sau 3. Masu izinin Hizbul Bahari su karanta abinsu, an ruwaito cewa Shehu Abul Hasan Shazili a cikin jirgin ruwa ya same shi a hanyar hajji, shi ya sa matafiya suka riƙe shi. Amma wallahi ka zaɓi gajeren abu guda da harshenka ya saba da shi sosai, saboda in tsoro ya zo dogon karatu gudu yake yi, mai haddar izu sittin ma sai ka ji yana ta maimaita aya ɗaya. Hasbunallahu wa ni'imal wakil ta ishe ka, ita Annabi Ibrahim ya faɗa lokacin da aka jefa shi wuta kamar yadda Ibn Abbas ya faɗa a Bukhari.

Sai batun tawassuli, wato kamun ƙafa da bayin Allah wajen roƙon Allah, nan ne ake ta rigima tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978 har yau ba a gama ba, kuma ba ni zan gama ta ba. Abin da nake ganin ya fi tsafta shi ne ka fuskanci Allah da roƙon, ka ce ya Allah don son da nake wa Annabi (SAW) da bayinka salihai ka tsare mu. Ka sa a ranka Shehu bawa ne da Allah ya so, mai tsarewar kuwa Allah ne, kuma na tabbata in ka tambayi duk wani muƙaddami mai ilimi haka zai ce maka. Shehu Tijjani yana kwance a Fas tun 1815, Sidi Abdulƙadir a Bagadaza tun 1166, babu ɗayansu da ya kira mutane zuwa ga kansa ya bar Ubangijinsa.

Yanzu ɓangaren da 'yan'uwa ba sa son ji. Yarda da Shehu ba ta ɗauke maka yin dabara ba. Manzon Allah (SAW) da kansa lokacin hijira ya ɓuya a kogon Sauru kwana 3, ya ɗauki ɗan jagora Abdullahi bin Uraiƙiɗ wanda ya san hanya, ya bi ta gefen teku maimakon hanyar da aka saba, ranar Uhudu kuma sulke biyu ya saka. To kai waye? Ka je tasha ka tambayi direbobi labarin hanya, su suka fi kowa sani, kar ka yi tafiyar dare, ka cika wayarka da caji ka gaya wa wani a gida motar da ka hau. In kuna tafiya ka ga titi ya yi tsit babu mota ko ɗaya da ke tahowa daga ɗaya hannun, ka yi wa direba magana ya tsaya, kar ka ce masa mu je kawai Shehu na nan. In kuma abin ya rutsa da ku ka kwantar da kai ka yi zikirinka a zuci, ba wurin gardama ko nuna ƙarfin asiri ba ne.

Ka kiyayi masu sayar da kariya. Duk wanda ya ce kawo dubu kaza in ba ka laya ko guru harsashi ba zai taɓa ka ba, wai da sunan Shehu, wannan ɗan kasuwa ne, wasu ma a TikTok suke tallar da lambar akawun a ƙasa. Wuridi dai izini ake bayarwa, ba a ciniki.

Idan kuma duk ka yi wannan amma jarabawa ta same ka, ko ta sami wani naka, kar shaiɗan ya ce maka Shehu ya yar da kai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne na gaske, duk da haka sai da ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma a yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar an kashe mutanensa masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Su ba su da Shehu ne? Wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga a kai shi asibiti tukuna a duba shi, sannan in ya ɗan samu kansa ya koma zawiya cikin 'yan'uwa ya rama wuridin da ya kuɓuce masa a hankali, ku kuma ikhwani ku daina tambayarsa me ya karanta ko me ya manta bai karanta ba, ku haɗa masa ɗan abin da zai tayar da jari.