Yadda Za Ka Ƙara wa RAM Gudu a Kwamfutar Tebur

Masu yawan tambaya kan yadda ake ƙara wa RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gudu, ga matakan:

1. In RAM biyu ne, sa su a ramin A2 da B2, wato galibi na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen processor (ƙwaƙwalwar kwamfutar).
2. Kunna kwamfutar, ka yi ta danna Del ko F2 har BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, ya buɗe.
3. Kunna XMP, wato shiryayyen saitin da ke ƙara wa RAM gudu, ko makamancinsa EXPO in processor ɗin na kamfanin AMD ne kuma RAM ɗin nau'in DDR5 ne.
4. Danna F10 ka adana.

Hattara: allo kan yi baƙi na 'yan mintuna. Kada ka kashe kwamfutar, daidaita kanta take yi.

5. Gwada da MemTest86, wato manhajar binciken kuskuren RAM, ka bar shi ya kwana yana aiki.
6. Ko kuskure ɗaya ya nuna, rage gudun, misali daga 3600 zuwa 3200. Ƙara wa RAM wuta kam ba na sabon shiga ba ne.
7. In kwamfutar ta ƙi tashi, zare wayar wuta, ka cire batirin CMOS, wato ƙaramin batiri mai kama da kwabo da ke riƙe saitin BIOS, na minti biyar.