Gane ƙarar injin tsohuwar Peugeot 504 kafin a kwance shi

Ba kowace ƙara ke sa a sauke inji ba. Fara da zare sandar awon mai, ka murza man tsakanin yatsu a hasken rana. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, kada ka sake tada motar.

In man lafiya lau, cire bel ɗin fanka ka tada injin, amma kada ya wuce minti 2, don ruwa ba ya zagayawa. Ƙarar da ta ɓace a nan ta famfon ruwa ce ko alternato, na'urar da ke cajin batir.

Sai ka samo dogon sukudireba, ka ɗora bakinsa a jikin inji, marikin a kunnenka. Ƙaramar ƙas-ƙas daga sama, ƙarƙashin murfin kan inji, ta supap ce, wato marufan da ke buɗe wa isansi hanyar shiga da hayaƙi hanyar fita. Ba ta da sauri, saboda sandar da ke buɗe supap zagaye ɗaya take yi in bilbireke, babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ya yi biyu. A 504 mai shan isansi, ana saita tazarar da ke tsakanin supap da ƙarfen da ke danna shi da inji a sanyi: milimita 0.10 ga supap ɗin shiga, 0.25 ga na fita. Wasu kan matse ta fiye da haka don inji ya yi tsit, sai supap ya ƙone.

Ƙarar da ta cancanci tsoro ita ce ƙwal-ƙwal mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in inji ya yi zafi, mai ya tsinke. Bar injin yana aiki a hankali, ka kama wayar buji da filaya mai hannun roba, ka cire ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa. Silindar da ƙarar ta lafa a kanta, kusinen biyal ɗinta ne ya cinye. Biyal shi ne sandar da ke haɗa fiston da bilbireke, kusine kuma siririn ƙarfen da ke shimfiɗe tsakanin biyal da bilbireke. Lura, a Peugeot silinda ta 1 tana ɓangaren giya, ba wajen fanka ba. Motar da ke wannan ƙarar jan ta ake yi zuwa gareji. Zuba mai mai kauri ɓoye ƙarar kawai yake yi, har ranar da biyal zai fasa jikin inji. A kwance kaskon mai, a auna bilbireke. In ya karce a kai shi a gyara, a sa kusinen da ya dace da sabon awon.

Ƙwanƙwasar da ke fitowa da sanyin safiya ta tafi bayan ƴan mintoci, fiston ne ke rawa a silinda. Ana iya lallaɓawa da ita.

Akwai kuma wadda ba a jin ta a tsaye sam, sai an ɗora kaya an taka a babbar giya, musamman a zafin Afrilu da Mayu na Tahoua da ke haura digiri 40: kamar tsakuwa a gwangwani. Isansi ne ke fashewa ba a kan lokaci ba. Sassauta delko, na'urar da ke raba wa buji wuta, ka juya shi ka ja wutar baya kaɗan, ka gwada a hanya. In ba ta daina ba, duba radiyato ko ƙura ta toshe shi, ka sauya isansin in na kwalba ne da ba ka san tushensa ba, sannan a buɗe kan inji a kankare gawayin da ya taru.