Kafin ka zuba kuɗinka a rami, duba dutsen

Shekara sha ɗaya na yi ina bin masana duwatsu da buhun samfur a kafaɗa a tsaunukan Obuasi, garin haƙar zinariya a Ghana, kafin ciwon gwiwa ya dawo da ni Aboabo. Yanzu kusan kowane mako sai wani yaro ya zo da dutse a leda: "Baba, duba min ko akwai zinariya."

Abin da nake fara tambaya shi ne, daga ina? Buɗe taswira ka ja layi daga Konongo, ka bi ta Obuasi har Prestea. Daga arewa maso gabas ya nufi kudu maso yamma, kuma haka tsofaffin duwatsun yankin da masana ke kira Birimiya suke kwance, masu shekara sama da biliyan 2. A gaɓar da dutsen aman wuta ya haɗu da na laka ƙasa ta tsage, ruwan zafi ya biyo tsagar daga can ƙasa, ya bar jijiyar farin dutsen nan da ake kira farar ƙanƙara, da zinariya a ciki. Wannan jijiyar kamfani ke bi a Obuasi tun 1897.

To, ka nemi farar ƙanƙara mai ratsin toka, wadda dutsen gefenta ya murɗe yana ɓarewa falle-falle, in ka shafa ya bar maka baƙi kamar bakin fensir. Fara fat mai tsabta kuwa, sau da yawa kyan ɗan maciji ce.

In ka ga ƙyalli, sa bakin wuƙa. Zinariya lotsawa take, farait kuwa, ma'adinin nan mai ƙyalli kamar zinariya, farfashewa yake. A kasko ma ita ke zama ƙasa, don nauyinta ya ninka na ruwa sau 19. In ta yi fari-fari, azurfa ce ta yi yawa a ciki, mai saye zai rage maka.

Inda yara ke cin wuya shi ne dutse mai siraran allurai masu launin azurfa. Zinariyar na kulle cikin waɗannan alluran, ma'adini ne mai gubar asanik, ido ba ya gani, zaiba ba ta kamawa. Wannan sai ɗakin gwaji.

Tarkwa daban take: tsohuwar tsakuwar kogi ce ta daskare, zinariyar na tsakanin tsakuwar, don haka shimfiɗa ake bi.

Kafin diga ta taɓa ƙasa, je hukumar ma'adinai ka nemi lasisin ƙananan mahaƙa, 'yan ƙasa kaɗai ake ba. Galamse kam, wato haƙa ba lasisi, je ka leƙa kogin Ofin, ruwan ya koma kamar koko.